Gefena a Kwanon Ciyayya

Likitan da ya rage mini tumbi a Masar bai taɓa jin kalmar ciyayya ba, ni kuma ban ga amfanin yi masa bayani ba. Ranar da zai sallame ni ya ɗauko ɗan kofin shayi na gilashi, ya ɗaga shi a gabana, ya sa mai yi mana fassara ya gaya mini cewa daga yau iyakar cikina ke nan. In na kiyaye, ciwon sukari zai bar ni, ƙafata ta tsira. In na koma gidan jiya, ƙiba za ta dawo da sukarinta, kuma wannan karon ba ɗan yatsa kaɗai za a ɗauka ba. Na gyaɗa kai kamar mutumin kirki. A raina kuwa kwanukan da ke fitowa ƙofar gidan Yayana kullum bayan sallar magariba nake hangowa. Guda huɗu ne, kuma mafi ƙanƙantarsu zai haɗiye kofin nan sau goma.

Ni malamin dabbobi ne. Na fi shekara ashirin ina duba shanu a kara ranar kasuwa, da sassafe kuma ina mayanka ina duba nama kafin mahauta su kwasa. Tumbi ba baƙona ba ne. Na juya shi, na wanke shi, na ga na ɗan maraƙi, na ga na bijimin da aka turke, na san abu ne da in ka matsa masa yau ka matsa masa gobe zai buɗe ya ba ka wuri. Ina faɗin wannan tun da wuri don kada wani ya tausaya mini ya ce rashin sani ne ya kai ni inda nake. Ba na son tausayin kowa, na ƙoshi da shi.

Kafin tafiya Masar na kai inda sikelin asibiti ya kasa ɗaukata, sai da aka kai ni rumfar masu awon gyaɗa aka ɗora ni a kan nasu, mutane na leƙe. Sallah a kan kujera nake yi, a ƙarshen sahu, tare da sa'o'in mahaifina. Sukari ya ci ƙaramin yatsan ƙafata ta hagu, aka cire shi a Katsina aka ba ni a leda in je in binne. Ranar da na binne shi na yanke shawarar zuwa a yi mini aikin, duk da Yaya ya ce taɓa halittar Allah ne, ƙiba kuma ai gadon gidanmu ce, mahaifinmu ma da ita ya rayu. Bai ƙara da cewa mahaifin namu bai kai sittin ba.

Ciyayyar ma gadon ce. Tun muna yara ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan, magidantan da ke kusa kowa a fito masa da kwanonsa, a haɗu a ci tare. Da tsofaffi suka ƙare muka gaji wurin mu huɗu: Yaya, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara tara, limamin masallacin unguwa, wani dillalin shanu da katangarsa ke jingine da tawa, sai ni. Ba a buɗe kwano biyu lokaci guda. A jawo ɗaya tsakiya, a yi bisimilla, kowa ya ci gabansa kamar yadda sunna ta koyar, in an gama da shi a jawo na biye. Wurin zaman kowa sananne ne, ba a musanyawa. Ni ina hannun daman Yaya.

Tuwon gidan Yaya a akushin mahaifinmu yake fitowa. Akushin ya taɓa tsagewa a baki aka ɗaure tsagar da waya, saboda haka kullum Yaya kan juya wurin ɗaurin ya fuskance shi, kada wayar ta yanki hannun wani. Wannan ɗan ladabin nasa shi ya jawo mini. Duk wanda ya san inda wayar take ya san gefen Yaya, wanda ya san gefen Yaya kuwa ya san nawa. Matarsa ta sani.

Wata huɗu na farko bayan na dawo an ɗauke ni majinyaci, ina ɗaki ina shan kunu da cokali. Nama ya zube, fata ta saki, sukari ya sauka har aka ce in ajiye allura. Ranar da na fara kai goshina ƙasa a masallaci, bayan shekara shida a kujera, na daɗe ban ɗago ba har na kusa da ni ya taɓa ni. Daga nan na koma tabarma. Loma ɗaya a kowane kwano, huɗu ke nan, na cika har wuya. In na kuskura na ƙara ta biyar sai gumi ya keto mini, ƙirji ya ɗaure, in zagaya bayan katanga in amayar. Don haka akushi ya riƙa komawa cikin gida an share gefe uku, gefe ɗaya yana tsaye cak da miyarsa.

Tsakanina da matar Yaya akwai wasan nan na mace da ƙanin mijinta, shekara talatin muna tsokanar juna. Saƙonta na farko da wasa ya zo, ta bakin matata: a tambayar mata ɗan Masar ko tuwon Daura ya yi masa ƙauyanci. Na yi dariya. Na biyu ya zo bayan sati uku, babu dariya a cikinsa. Ta ce a tambaye ni ko wani malami ne ya duba mini ya ce ita ke barbaɗa mini wani abu. Matata ta ce kuka take yi lokacin da take faɗa. Na shiga har ƙofar ɗakinta na yi mata bayanin kofin shayi, ina kwatantawa da hannu. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "To, na ji. Amma ai na gidan Liman kana ci." Loma ɗaya nake ci a can ma, sai dai kwanon Liman na silba ne, ba shi da waya.

Abin da ya ƙarasa ni daga Sandamu ya zo. Yaya ya je ta'aziyya can, yana zaune wasu da ba su san shi ba suna hira a bayansa, suna cewa malamin dabbobin nan na Daura ai ƙanjamau ne ya kama shi, zuwa Masar ɗin rufa-rufa ce. A shekarun nan da shari'a ta zauna, aka rufe gidajen da aka rufe, kowa ya zama mai sa ido kan maƙwabcinsa, ramar magidanci fassara ɗaya gare ta a bakin mutane. Ya dawo ko ruwa bai sha ba ya kira ni zaure.

"Ka san abin da ake faɗa a kanka?"

Na ce na sani, ya daɗe da zuwa kunnena.

"Ka sani kake yawo haka kamar sandar makiyayi? 'Ya'ya mata uku gare ka a gabanka. Wa zai aiko gidan da ake wa wannan zance?"

"Yaya, likita cewa ya yi..."

"Likitan yana Masar, mu muna Daura. Shi za a nuna da baki in ya wuce? Ka ci abinci ka rufa mana asiri."

Da ƙanena ne da na san abin da zan gaya masa. Yayana ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure. Na sunkuyar da kai na ce to.

Dillali ne ya kawo dabara, tunda shiga tsakani sana'arsa ce. Ya dube ni a tabarma ina fama da loma ta uku, ya ce, "Likitan shanu, wai ni me ke tsaya maka ne?" Na ce duk abu mai tauri. Ya tafa hannu. "To ai an gama! A ba shi fura. Abin da zai bi maƙogwaro kamar ruwa ina zai tsaya har ya yi ɓarna? Wucewa zai yi abinsa." Liman ya gyaɗa kai ya ce addini ma sauƙi ne. Yaya ya zuba mini ido yana jira.

Ni ne fa nake koya wa masu turke sa cewa in dabba ta ƙi busasshiyar dusa a jiƙa mata da ruwa da ɗan kanwa, za ta sha fiye da abin da za ta ci, ta yi kitse a ɗan lokaci. Da bakina nake faɗa musu a kara. Na san abin da fura za ta yi mini sarai, amma na ce to.

Washegari kwanon gidan dillali ya canza. Matarsa Bafulatana ce, ta dama fura da kindirmo mai kauri, ta zuba sukari ba tsoron Allah, man shanu na yawo a sama. Na kai ludayi baki. Ta wuce sumul, ba gumi, ba ɗaurewar ƙirji. Na ƙara, ta wuce. Wata takwas rabona da irin ƙoshin da ke sa mutum ya jingina da bango ya yi hamdala, ranar na ji shi, kuma ba zan yi ƙarya ba, daɗin ya kusa sa ni hawaye. Su uku suka tsaya suna kallona suna murmushi, irin kallon da na sha gani a fuskar mai rago in ragonsa ya kama ci ana saura wata guda layya.

Daga nan kowa ya zama likitana. Liman ya gano cewa in na ci loma huɗu na tashi na taka zuwa bakin masallaci na dawo, wurin wasu huɗu na samuwa, sai aka ja zaman ciyayya har kiran isha'i saboda ni. Yaya ya koya mini in murje tuwon cikin miya har ya koma kamar kunu. Matarsa kuwa ta fi su duka. Tunda ta san gefena, sai ta riƙa yin rami a tuwon daidai hannun daman wayar, ta cika shi da man shanu ta rufe da miya. Ba wanda ya taɓa ambata ramin nan, ni ma ban ambata ba, na dai riƙa lalubo shi da yatsa. Cikin shekara ta biyu akushi ya fara komawa a share ta kowane gefe, ta aiko mini da goro.

Kumatu suka dawo, zance ya mutu. Mutanen da suka yi watanni suna ba ni hannu da kan yatsu suka koma rungumata suna cewa, "Malam, ka murmure, alhamdu lillahi." Babbar 'yata ta yi aure, ta biyu ta bi ta. Yaya ya riƙa jana ɗaurin aure ƙauyuka yana zaunar da ni a gaba inda kowa zai gani. Na tsani zaman nan, amma ban taɓa ƙin zuwa ba, don ko'ina aka je akwai waina.

A shekara ta huɗu na kwashi rigunan da na sa aka rage mini bayan dawowa na mayar wa tela, ina jin kunya, na ce ko akwai dabarar ƙara musu ƙyalle. Ya juya riga ɗaya ya nuna mini cikinta. Ashe bai yanke ko taƙi ba, naɗe yadin ya yi ta ciki ya bi da ɗinki. "Na san za a dawo, Malam," in ji shi, yana farke zaren da reza. "Jikin gidanku ne." Ban sake kai masa ɗinki ba, har yau in na hango shi nakan kau da kai.

Shekara ta bakwai ta same ni a kan kujerar masallaci, a ƙarshen sahu. Ƙishirwa ta dawo, yawan fitsari ya dawo, tururuwa ta dawo makewayi. Na ga alamun na yi kamar ban gani ba. Ran nan na dawo daga kara, ina cire takalmi matata ta yi salati. Ƙusa ce ta huda takalmin ta shige tafin ƙafar hagu, na yini a kanta ban ji komai ba. Wata biyu ana wanke ciwon yana ƙara faɗi, har ya fara wari.

Likitar da ta duba ni a Katsina sa'ar 'yata ta biyu ce, ba ta kuma iya lallashi ba. Ta ga tabon aikin a cikina, ta dubi katin, ta dube ni sama da ƙasa. "Baba, an yi maka aikin da wasu ke nema ba su samu ba, ka cinye shi." Ta ce ta ba ni sati shida. In sukarin ya sauka ciwon ya fara kawo nama, to. In bai sauka ba za su yanke rabin tafin kafin abin ya haura sama.

A motar dawowa na yi shari'ata na yanke hukunci: masu laifi uku ne da matansu. Na shiga gida na ce da matata daga yau kada kwanona ya sake fita.

"Malam, ka san abin da hakan ke nufi," in ji ta.

Na sani. A unguwarmu abu biyu ke janye kwano daga ciyayya, mutuwa ko gaba. Na ce ta bar su su zaɓi wanda suka ga dama.

Bayan kwana uku Liman ya yi sallama. Ya zauna ya jawo nasiha kan zumunci da haƙƙin maƙwabtaka da haɗarin ƙaurace wa ɗan'uwa. Na bar shi ya kai aya, na ce, "Allah gafarta Malam, a cikin littattafan nan babu inda aka yi maganar wanda ya kashe ɗan'uwansa da ludayi?" Ya tattara rigarsa ya fita. Dillali ya riƙa gaishe ni ta kan katanga ina yi kamar ban ji ba. Yaya bai zo ba, bai aiko ba. Matata ta koma dafa mini abin da likita ta rubuta, zogale da wake da kifi, tana auna mini a ɗan kwano. Kullum da safe ɗan acaɓa ya kai ni mayanka, don ban yarda na ajiye aiki ba, da azahar ya dawo da ni.

Sati shida suka cika, sukari bai sauka ba, hawa ma ya yi. Likitar ba ta yi faɗa ba wannan karon, ta buɗe littafinta ta ba ni rana, Litinin mai zuwa.

Na iso Daura ana kiran magariba. Ban shiga gida ba. Na jira aka idar, na dogara sandata na nufi ƙofar gidan Yaya. Suna zaune su uku, akushi a tsakiya a buɗe, wurina na hannun dama ba kowa, ba su matsa sun cike shi ba. Wannan ma ya ƙara mini haushi. Dillali ya washe baki ya ce, "A'a, maraba da likitan shanu!" Liman ya ce alhamdu lillahi, shaiɗan ya ji kunya. Na zauna da ƙyar, na miƙe ƙafar, na fara warware bandejin a hankali har na kai ga audugar da ta manne. Na fizge ta. Na ɗaga ƙafar da hannu biyu na ajiye ta a kan tabarma, jikin akushi. Kafin in buɗe baki warin ya gama wurin.

"Bisimilla," na ce. "Ku ci. Kiwonku ne, shekara bakwai kuna turke da shi. Ran Litinin za a yanka, na ce bari in kawo muku ku gani tun da ransa."

Dillali ya miƙe da hannu a hanci, ya koma gefe yana tofar da yawu. Liman sai innalillahi yake maimaitawa. Ban tsaya ba. Na faɗi na fura, na faɗi na tattaki zuwa bakin masallaci, na faɗi na ramin man shanu da ƙarfi yadda za a ji a cikin gida. Na ce sun gwammace a ce ɗan'uwansu gurgu ne da a ce ramamme ne. Na amayar da maganganun da ban san ina ɗauke da su ba, wasu ma tun na ƙuruciya.

Yaya bai katse ni ba. Ya ɗauki faifai ya rufe akushin, ya janye shi gefe. Ya matso ya duƙa a kan ƙafar, ya daɗe yana kallonta, bai toshe hanci ba. Da ya ɗago idanunsa sun kaɗa.

"Na ji," in ji shi. "Ni na ce ka ci. Na ji tsoron bakin mutane fiye da yadda na ji tsoron ciwonka. Wannan nawa ne, ni zan amsa shi gaban Allah. Ka yafe mini in za ka iya." Na ɗauka ya gama, har zuciyata ta fara sanyi. Sai ya ce, "Amma in tambaye ka. Sati nawa rabonka da tabarmar nan?"

"Shida."

"Wa ya ba ka fura a cikinsu? Ka rame?"

Na dubi cikina.

"Matarka ta zo wurina shekaranjiya tana kuka. Ta ɗaga katifarka za ta shanya, ta tarar da ledojin alewar madara, ga kwalaben lemo a bayan gado. Mahauta sun ce kullum sai an gasa maka kitse da hanta kafin ka bar mayanka. Mai shayin bakin titi ya san kofinka, ya san yawan madarar da kake so. Ba yau ba, tun shekara ta biyu. Mu sau ɗaya muke zama da kai a yini, tsakanin magariba da isha'i. Sauran yinin wa ke zama da kai?"

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da na samu abin kamawa.

Gaskiya ya faɗa, ko rabinta ma bai sani ba. Aikin da aka yi mini ya hana ni cin abu da yawa a zama ɗaya, sai na koyi ci ba tare da na zauna ba. Gyaɗa a aljihun dama, dabino a na hagu. Rake a hanyar kara, awara a ƙofar ofis, tsire tsinke ɗaya nan tsinke ɗaya can. Ba wanda zai kira wannan cin abinci, ni ma ban taɓa kiransa haka ba. Daga asuba zuwa kwanciya bakina ba ya hutawa. A sati shidan nan da na rufe ƙofa ina fushi na ci fiye da kowane lokaci, don ni fushi ma yunwa yake sa ni. Likitan Masar ya yanke abin da wuƙarsa ta iske. Abin da ke tura hannuna aljihu ba a tumbi yake ba, kuma ni da na buɗe cikin dabbobi ba adadi ban san inda yake ba.

Yaya ya ɗauki bandejin daga ƙasa ya kaɗe shi, ya naɗe mini ƙafar da hannunsa, a karkace, yadda yake ɗaure ƙafar jakinsa. Na bar shi ya gama. Ban ce na yafe ba, ban ce ya yafe mini ba. Na tashi na tafi gida ina jin haushinsa fiye da lokacin da na zo, kuma har yau da nake rubuta wannan ban gama hucewa ba. Cutar da ya yi mini zan iya yafe ta. Gaskiyar da ya faɗa mini a gaban dillali ce ta tsaya mini a wuya.

An yanke rabin tafin ran Litinin ɗin, kamar yadda likitar ta ce. Yankan ba na tuna shi, barci aka sa ni. Hanyar nake tunawa.

An ce kada in ci komai tun daga daren Lahadi. Da safe Yaya ya zo da motar da ya ɗauko shata, ban roƙe shi ba. Ya zauna kusa da ni a baya, ya ɗora ƙafar a kan cinyarsa don kada gargada ta taɓa ta, carbi a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da idon sawuna. Daidai tasha direba ya rage gudu saboda wata motar shanu da ke juyawa. A bakin titi wata mata na tsame ƙosai daga mai, manya, jajaye, tururi na tashi, ga yajinta a roba a gefe. Gilashin motar a sauke yake. Ƙamshin ya shigo ya zauna.

Motar shanu ta ba da hanya muka wuce. Na yi shiru, na kafe ido a waje. Yaya ya ga shirun ya ɗauka tsoro ne, ya matsa idon sawun a hankali ya ce, "Yi ta salati, ɗan'uwana. Allah na nan." Na gyaɗa kai, na motsa leɓe don ya gani. Gonaki suka wuce, ƙauyuka suka wuce, yana ta jan carbi yana share ido da hannun riga saboda ƙafar da ke kan cinyarsa. Ni kuwa tun daga tashar Daura har ƙofar asibitin ban tuna da ita ba ko sau ɗaya. Tunani nake awa nawa za su hana ni ci bayan na farfaɗo, da ko akwai mai ƙosai kusa da asibitin.